Launi da Inuwa a Zanen Shimfiɗa na 3D da Matplotlib: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin ɗalibai da masu bincike da ke zana bayanansu da Python, musamman lokacin haɗa kundin kammala karatu. An fara da na farko-farko, ana tafiya ana zurfafawa. Duk misalan sun ɗauka cewa ka riga ka shigo da `numpy` da sunan `np`, da `pyplot` da sunan `plt`.

Mene ne zanen shimfiɗa, kuma yaya Matplotlib ke gina shi?

Zanen shimfiɗa shi ne wanda ke nuna yadda adadi ɗaya ke hawa da sauka bisa wasu adadi biyu: tsayin ƙasa bisa gabas da arewa, ko zurfin ruwan rijiyoyi a faɗin ƙaramar hukuma, ko sakamakon wani lissafi. A Matplotlib, laburaren da John Hunter ya fara a 2003, umarnin `plot_surface` ne ke yin wannan aiki. Ana ba shi jadawali uku masu girma ɗaya, `X` da `Y` da `Z`, kuma yawanci `np.meshgrid` ne ke samar da biyun farko.

Abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu shi ne cewa shimfiɗar ba abu ɗaya ba ce mai santsi. Matplotlib na yanka ta ne zuwa ƙananan murabba'ai, ya ba kowane murabba'i launi ɗaya tak, sannan ya jera su a kan takarda daga na nesa zuwa na kusa. Kusan duk matsalolin da ke ƙasa daga nan suka samo asali.

Mene ne bambancin launi da inuwa? Ba duk ado ba ne?

Ba ado ba ne, aiki ne, kuma kowanne da nasa. Launi na gaya wa mai karatu adadi: nan mita 900 ne, can mita 1,500. Inuwa kuma na gaya masa siffa: nan gangare ne, nan tudu, nan kwazazzabo. Zanen da ke da launi babu inuwa za a iya karanta lambobinsa, amma ƙananan tuddai da ramuka su ɓace. Wanda ke da inuwa babu launi kuwa siffarsa na fitowa ɓaro-ɓaro, amma sai an yi ta leƙen layin `Z` kafin a san tsayin wuri.

Inda gizo ke saƙar shi ne, dukansu biyu da haske da duhu suke magana. Jerin launuka mai kyau yana tashi daga duhu zuwa haske yayin da adadi ke ƙaruwa, ita ma inuwa da duhu da haske take nuna gangare. Idan ka haɗa su, wuri mai duhu na iya nufin adadi ƙarami, yana kuma iya nufin ya juya wa fitila baya. Don haka kafin ka rubuta layi ko ɗaya, yanke shawara: me kake son a gani da farko, adadin ko siffar? Wanda ka zaɓa shi za ka ba ƙarfi, ɗayan ya zama mai taimako.

Na kwafi misali daga intanet amma ya ƙi tashi. Me ya faru?

Galibi tsohon misali ne. Layin `fig.gca(projection='3d')` ya daina aiki tun siga ta 3.6. Yanzu ana rubuta `ax = plt.figure().add_subplot(projection='3d')`. Haka nan shigo da `Axes3D` da hannu bai zama dole ba tun siga ta 3.2. Duba sigar da kake da ita da `matplotlib.__version__` kafin ka zargi bayananka.

Da na sa `cmap` sai inuwar ta ɓace, ko da na rubuta `shade=True`. Kuskure ne?

A'a, haka aka tsara shi. Saitin `shade` a kunne yake tun asali, amma da zarar ka ba da `cmap`, wato jerin launuka, umarnin na kashe shi da kansa ba tare da ya sanar da kai ba. A wannan yanayi, kowane murabba'i na samun launinsa ne daga matsakaicin tsayin kusurwoyinsa, kuma launin yana fitowa tsantsa, daidai da abin da sandar launi, wato ma'aunin gefen zane da ke nuna adadin kowane launi, ke nunawa. Wannan alheri ne ga mai son a karanta adadi.

Inuwar da ke zuwa kai tsaye tana aiki ne a hali biyu kawai: idan launi ɗaya ne, na asali ko wanda ka ba da `color`, ko ka kawo launukanka da `facecolors`. Idan kana son jerin launuka da inuwa a tare, sai ka bi hanyar da ke amsa ta gaba.

To yaya zan samu jerin launuka da inuwa a zane ɗaya?

Ka dafa launin da inuwar a gefe, sannan ka miƙa wa `plot_surface` abin da ya riga ya nuna. `LightSource` ne ke wannan aiki:

```
from matplotlib.colors import LightSource
fitila = LightSource(azdeg=315, altdeg=45)
rgb = fitila.shade(Z, cmap=plt.cm.viridis, vert_exag=1,
                   dx=30, dy=30, blend_mode='soft')
ax.plot_surface(X, Y, Z, facecolors=rgb, rstride=1, cstride=1,
                linewidth=0, antialiased=False, shade=False)
```

Kula da `shade=False` na ƙarshe. In ka manta shi, za a sake ɗora wata inuwa a kan wadda ka riga ka yi, daga wata fitila daban da ke wata kusurwa, zanen ya yi duhu ya dagule. Lissafin kansa mai sauƙi ne: a kowane wuri ana tsayar da kibiya cak a kan shimfiɗar, a duba yadda ta fuskanci fitila. Wadda ta kalli fitila kai tsaye ta samu cikakken haske, wadda ta karkace haskenta ya ragu gwargwadon karkatarta. Dokar Lambert ke nan, tun ta 1760. Babu inuwar da tudu ke jefawa a kan kwarin da ke bayansa. Gangare kawai ake lissafawa.

Hanyoyin gauraya launi da inuwa, wato `blend_mode`, uku ne. `overlay`, wadda ita ce ta asali a `shade`, tana da ƙarfi, tana fito da ƙananan kunyoyi sosai. `soft` ta fi taushi, kuma ta fi barin launuka kusa da yadda suke, shi ya sa nake fifita ta idan akwai sandar launi a gefe. `hsv` kan ba shimfiɗa mai santsi ƙyalli irin na roba. Tana da kyau ga lissafi mai laushi, amma ga ƙasa mai duwatsu takan wuce gona da iri.

A ina ya fi dacewa in ajiye fitilar?

`azdeg` shi ne ɓangaren da haske ke fitowa, ana ƙirga shi daga arewa ana bin hannun agogo: 90 gabas, 180 kudu, 270 yamma. `altdeg` kuma tsayin fitilar ne daga ƙasa, daga 0 zuwa 90. Saitin asali na `LightSource` shi ne 315 da 45, wato arewa maso yamma, wanda tsohuwar al'adar masu zana taswira ce. Idon mutum ya saba ɗauka cewa haske daga sama yake zuwa, don haka idan aka haska taswira daga ƙasan takarda, tuddai kan koma kamar ramuka.

Game da tsayi, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona ya san kunyoyi sun fi fitowa da sassafe ko da la'asar sakaliya, da tsakar rana kuwa gonar sai ta zama kamar fili ɗaya. Haka fitilar take. In shimfiɗarka ba ta da gangare sosai, sauko da `altdeg` zuwa 25 ko 30. In tana da tsaunuka masu tsini, ɗaga shi don kada rabin zanen ya nutse cikin duhu. A zanen 3D kuma sai ka haɗa da inda mai kallo yake. Kallon asali na `view_init` yana kan `elev=30` da `azim=-60`. Haske daga bayan mai kallo na wanke siffa, haske daga gabansa na bar masa ɓangaren duhu kawai. Na gefe shi ne ke fito da jiki. Fitilar a manne take da bayanai, ba da kyamara ba, don haka juya zanen da linzami ba ya motsa inuwar.

Akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba. `shade` na ɗauka cewa layin farko na jadawalinka shi ne saman hoto, wato arewa, kamar yadda hotuna da taswirorin tauraron ɗan'adam suke. Idan `Y` ɗinka na ƙaruwa ne daga layin farko zuwa ƙasa, kamar yadda `meshgrid` kan bayar, arewa da kudu sun juye a lissafin hasken. `dx` da `dy` su ne tazarar ɗigo zuwa ɗigo ta ɓangaren `X` da `Y`; ba da `dy` mai alamar ragi, sai fitilar ta koma inda ka nufa.

Inuwar ta fito baƙi ƙirin da fari fat, babu tsaka-tsaki. Ko kuma ba ta fito ba sam.

Matsalar ma'auni ce. Gangare shi ne hawa a raba da tafiya, kuma dole hawan da tafiyar su kasance da awo iri ɗaya. Ɗauki bayanan tsayin ƙasa na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour ya tattara a watan Fabrairun 2000, a ce ka yanko yankin tsaunukan Jos. Tsayin yana cikin mita, yana kaiwa sama da 1,800 a duwatsun Shere, amma `X` da `Y` suna cikin digiri. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, tazarar ɗigo zuwa ɗigo kuma kusan mita 30. In ka ba da `dx` a digiri, lissafin zai ga kowane ɗan tudu a matsayin bango tsaye. In ka bar shi a 1, wanda shi ne na asali, gangaren zai ninka na gaskiya sau talatin. Amsar ita ce `dx=30, dy=30`.

Bayan ka gyara awo, `vert_exag`, wanda ke ninka tsayi a lissafin inuwa, shi ne abin murɗawa. Ga ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin ta gaɓar Tafkin Chadi za ka buƙaci ɗaga shi. Ga duwatsu, 1 ko ƙasa da haka ya isa. Sai dai ka sani `LightSource` na miƙe hasken da ya samu ya cika daga 0 zuwa 1, komai ƙanƙantar bambancin. Saboda haka a wuri mai faɗi sumul, 'yar hayaniyar awo kan fito kamar tuddai na gaske. Kuma zane biyu da aka yi wa inuwa daban-daban ba za a gwada tsananin gangarensu ta duhun inuwa ba, domin kowanne an miƙe shi da nasa ma'auni.

Ita ma inuwar `shade=True` ta kai tsaye da ainihin lambobinka take lissafi, ba da yadda akwatin zanen ya bayyana a fuskar kwamfuta ba. Idan `X` na tsakanin 0 da 1, `Z` kuma na kaiwa dubbai, za ka ga launi biyu kacal.

Ina son tsayi ya nuna abu ɗaya, launi ya nuna wani daban. Zai yiwu?

Ƙwarai, kuma a nan ne zanen shimfiɗa ke biyan wahalarsa: tsayi ya nuna ƙasa, launi ya nuna ruwan sama ko zafi ko gishirin ruwa. A ce adadi na biyu yana cikin jadawalin `W` mai girma ɗaya da `Z`:

```
awo = plt.Normalize(W.min(), W.max())
launuka = plt.cm.viridis(awo(W))
ax.plot_surface(X, Y, Z, facecolors=launuka, shade=False)
```

Kada ka tsallake `Normalize`. Jerin launuka na karɓar lambobi ne daga 0 zuwa 1. Duk abin da ya haura 1 launin ƙarshe yake samu, shi ya sa wasu ke ganin zanensu ya fito rawaya gaba ɗaya. In kuma jadawalinka na cikakkun lambobi ne marasa ɗigo, ana ɗaukar su a matsayin lambar gurbi cikin launuka 256, sakamakon ya fito kamar daidai alhali ba daidai ba ne. Wani ƙaramin abu: kowane murabba'i na ɗaukar launin kusurwarsa ta farko ne, ba matsakaicin huɗun ba, don haka layin ƙarshe da ginshiƙin ƙarshe na `W` ba sa bayyana. A raga mai yawan ɗigo ba a lura. A raga ta goma sau goma ana lura. In kana son inuwa a kai, `fitila.shade_rgb` na karɓar launukan da `Z` a tare.

Sandar launi ta ƙi fitowa da `facecolors`, kuma idan ta fito launukanta ba su dace da na zanen ba.

Da `cmap`, abin da `plot_surface` ya mayar, a ce ka sa masa suna `surf`, yana ɗauke da lambobin, sai kawai ka rubuta `fig.colorbar(surf, shrink=0.6)`. Da `facecolors` kuwa launuka kawai ka ba shi, bai san daga wane adadi suka fito ba. Dole ka gina sandar da kanka da awo ɗaya da jeri ɗaya: `fig.colorbar(plt.cm.ScalarMappable(norm=awo, cmap='viridis'), ax=ax, label='mita')`. Rubuta ma'aunin a jikinta koyaushe. Sanda babu suna ba ta amfanar kowa.

Rashin dacewar kuma aikin inuwa ne. Fitilar da `plot_surface` ke amfani da ita idan ba ka kawo taka ba tana kan 225 da kusan digiri 19.5, kuma tana ninka kowane launi da wani adadi tsakanin 0.3 da 1. Murabba'in da ke kwance sumul yana fuskantar sama kusan kashi 77 cikin 100 na haskensa yake samu, wato ko fili ma ya fi sandar duhu. Idan adadin ne gaba a wurinka, kashe inuwar, ka nuna siffa da siraran layukan raga, misali `edgecolor='k'` da `linewidth=0.2`. Idan siffa ce gaba, bar inuwar, amma ka faɗa a ƙarƙashin hoton cewa an sa inuwa, don kada a yi ta gwada launi da sanda ana neman adadi na ƙwaƙƙwafi. Wannan ita ce rigimar da aka ambata a amsa ta biyu.

Wane jerin launuka zan zaɓa? Malamina ya fi son `jet`.

`jet` ya daɗe yana mulki, kuma mutane da yawa sun saba da shi har suna ganin shi ne launin kimiyya. Amma haskensa ba ya tafiya a jere: yana farawa da shuɗi mai duhu, ya yi haske sosai a wajen rawaya, ya sake duhu a ja. Sakamakon haka ido na ganin iyaka a inda babu iyaka, kuma a zanen 3D wannan zoben rawaya mai haske kan yi kama da ƙyallin fitila, ya ƙirƙiro tudun da ba ya nan. MATLAB ya sauya shi da `parula` a 2014, Matplotlib kuma ya koma `viridis` a siga ta 2.0 a 2017. Stéfan van der Walt da Nathaniel Smith ne suka gabatar da `viridis` a taron SciPy na 2015, an kuma tsara shi ne yadda haskensa zai riƙa ƙaruwa daidai wa daida daga shunayya mai duhu zuwa rawaya.

Ga adadi mai tafiya daga kaɗan zuwa yawa, ɗauki `viridis` ko `cividis`. Na biyun an yi shi ne musamman domin masu wahalar bambance ja da kore. Ga adadi mai tsakiya, kamar riba da asara ko sama da ƙasa da matsakaici, ɗauki `RdBu` ko `coolwarm`, sannan ka karanta amsa ta gaba. Idan inuwa ce za ta ɗauki nauyin siffa, jeri mai haske wanda bai kai baƙi ba ya fi, domin inuwa ba ta ganuwa a kan launin da ya riga ya yi duhu. Ɓangaren duhu na `inferno` da `magma` kan haɗiye ta ɗungurungum. In malam ya dage kan launukan bakan gizo, nuna masa `turbo`, wanda ya shigo a siga ta 3.3: kamanninsu ɗaya, amma ya fi santsi.

Kusan duk zanen launi ɗaya ne sai tsini ɗaya. Kuma farin tsakiya bai faɗa kan sifiri ba.

Dukansu aikin awo ne, ba na jerin launuka ba. `Normalize` na shimfiɗa launuka daidai tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma, don haka lamba ɗaya da ta yi fice na iya cinye jerin duka. Ka iya yanke iyaka da `vmax=np.percentile(Z, 98)`, ka sa `extend='max'` a sandar don a san akwai abin da ya haura. In bayanan na ninkuwa ne goma-goma, `LogNorm` ya fi, muddin babu sifiri ko lamba mai ragi. Don tsakiya ta zauna kan sifiri, yi amfani da `TwoSlopeNorm(vcenter=0)` ko `CenteredNorm`. `BoundaryNorm` kuma na raba launin zuwa matakai, wanda ke taimaka wa mai karatu ƙirga.

Idan kana jera zane biyu ko uku don a gwada, misali damina da rani, ba su `vmin` da `vmax` iri ɗaya, da `set_zlim` iri ɗaya. In ba haka ba kowanne zai cika jerinsa, rawayar wannan ba rawayar wancan ba ce, kuma mai karatu ba zai gane an sauya masa ma'auni ba.

Bayanaina na da ɗigo dubbai amma zanen ya fito da manyan murabba'ai. Ina `shading interp` irin na MATLAB?

Tun siga ta 2.0, `plot_surface` ba ya ɗaukar fiye da samfuri 50 a kowane ɓangare sai ka ce masa. Ɗaga `rcount` da `ccount`, ko ka sa `rstride=1, cstride=1` ya ɗauki komai; ba a haɗa nau'in biyu a kira ɗaya. Amma ka yi lissafi tukuna: raga ta 1,000 sau 1,000 kusan murabba'i miliyan ɗaya ce, fale ɗaya na SRTM kuma 3,601 sau 3,601 ne, kusan ɗigo miliyan 13. Ƙaramar kwamfuta za ta tsaya cik. Tsakanin 150 da 300 a kowane ɓangare ya wadatar ga hoton da zai shiga shafi. Rage jadawalin da kanka, misali `Z[::10, ::10]`, kafin ka lissafa inuwa, ka kuma ninka `dx` da `dy` da goman nan. In ka lissafa inuwa a kan cikakken jadawali sannan aka tsinci ɗaya cikin goma, zanen zai fito da ɗige-ɗige.

Narkar da launi a cikin murabba'i ɗaya, irin hanyar da Henri Gouraud ya fitar a 1971, babu ita a `plot_surface`. Abin da za ka iya shi ne ƙanƙanta murabba'an har ido ya daina ganinsu. In bayananka kaɗan ne, `scipy.ndimage.zoom` ko `RegularGridInterpolator` za su cike tsakani. Santsin da ka samu ta haka na ido ne kawai, bai ƙara maka awo ko ɗaya ba, kuma ya kamata ka faɗi hakan a rubutunka.

Me ke kawo fararen layuka tsakanin murabba'ai, musamman a PDF?

Kowane murabba'i ana tausasa gefensa shi kaɗai, sai farin bango ya leƙo ta tsakanin maƙwabta biyu. A PNG, `antialiased=False` da `linewidth=0` na magance shi. A PDF da SVG kuwa manhajar da ke buɗe fayil ɗin ce ke tausasawar, don haka saitinka ba ya kai wa gare ta. Sa `rasterized=True` a cikin `plot_surface`, ka adana da `dpi=300`: shimfiɗar za ta zama hoto, rubutu da layuka su ci gaba da kaifinsu, fayil ɗin ma ya ragu nesa ba kusa ba.

Na zana shimfiɗa biyu masu ratsa juna, amma ɗaya ta rufe ɗayar gaba ɗaya.

Wannan iyakar laburaren ce, kuma masu kula da shi sun faɗi haka a fili. Matplotlib ba injin 3D na gaske ba ne. A cikin shimfiɗa ɗaya yana jera murabba'ai daga nesa zuwa kusa, amma tsakanin shimfiɗa biyu yana ba kowacce lambar nisa ɗaya tak, ya zana ɗaya ɗungum sannan ɗayar. Ba ya iya cewa rabin wannan na gaba, rabi na baya. Shi ya sa kana juya zanen kaɗan sai su yi musayar wuri farat ɗaya.

Akwai dabaru. Idan shimfiɗun na kan raga ɗaya, haɗe su: zana `np.maximum(Z1, Z2)` a matsayin shimfiɗa ɗaya, ka ba kowane murabba'i launi bisa wadda ke sama ta hanyar `facecolors` da aka yi bayani a baya. Layin haɗuwarsu zai fito sarai. Idan ɗigo ko layi ne ke ɓuya a bayan shimfiɗa, `computed_zorder=False`, wanda ya zo a siga ta 3.5, na ba ka damar jera su da hannu. `alpha`, wanda ke sa a hango abin da ke bayan shimfiɗa, na rage muni amma ba ya gyara jerin, kuma yana gauraya launuka har sandar launi ta rasa ma'ana.

Bayanaina na da giɓi, ko kuma ba a kan raga suke ba.

Tun siga ta 3.5 `plot_surface` na karɓar `NaN`, wato alamar babu adadi, da jadawali mai rufaffun gurabe, ya bar gurbin fanko. Duk da haka ba da `vmin=np.nanmin(Z)` da `vmax=np.nanmax(Z)` da kanka. Kuma bincika ko fayil ɗinka na amfani da wata lamba a madadin giɓi, kamar -9999 ko -32768 na SRTM. In ba ka mayar da ita `NaN` ba, za ta haƙa rami mai zurfi ta kuma janye jerin launuka duka.

Ga awon da aka ɗauka nan da can, kamar na rijiyoyin burtsatse, `plot_trisurf` na haɗa ɗigogin da alwatika. Dokar `cmap` da inuwa iri ɗaya ce a can. Lura da gefuna: yakan ja dogayen alwatika tsakanin ɗigogi masu nisa, ya shafa launi a wurin da ba wanda ya auna komai. Ɗora ainihin ɗigogin a kai da `scatter` don a ga inda awo yake.

Yaushe ya kamata in bar Matplotlib in koma wani abu?

Idan kana buƙatar juyawa ba tare da tsaiko ba, ko abubuwa masu ratsa juna, ko launi mai narkewa. Plotly na zana `go.Surface` da katin hoton kwamfuta a cikin burauza, yana da `surfacecolor` don adadi na biyu, da `lighting` mai saituna irin su `ambient` da `diffuse` da `specular`. PyVista da Mayavi, waɗanda aka gina a kan VTK, sun fi dacewa da manyan bayanai. Amma ga hoton da zai zauna a takarda tare da sauran zane-zanen kundi, da rubutu iri ɗaya, Matplotlib ya fi sauƙin sarrafawa.

Wani lokaci kuma 3D ɗin ne bai dace ba. Tudun gaba na ɓoye abin da ke bayansa, kuma karanta adadi a karkace na da wuya. Launukan `rgb` ɗin nan da ka dafa da `LightSource`, in ka ba `imshow` su, za ka samu taswira mai inuwa wadda ba ta ɓoye komai. Ko ka haɗa biyun: `ax.contourf` da `zdir='z'` da `offset` na shimfiɗa taswirar a ƙasan akwatin, ƙarƙashin shimfiɗar.

Za a buga kundina baƙi da fari. Me zan yi?

Yi gwajin tun kafin ka kai shagon bugawa: adana hoton, mayar da shi ruwan toka, ka duba. Da `jet`, shuɗin ƙasa da jan sama za su koma duhu iri ɗaya, mai duba kundin ba zai bambance ƙololuwa da kwari ba. `viridis` da `cividis` na tsira domin haskensu a jere yake. Sai dai a ruwan toka launi ya tafi, haske kaɗai ya rage, don haka adadi da inuwa ba za su iya raba shi ba. Dole ɗaya ya haƙura. Ko dai jeri babu inuwa tare da siraran layukan raga, ko launi ɗaya mai haske da inuwa, adadin kuma ka nuna shi da layukan `contour` a ƙasan akwatin. Injin kwafi na ƙara wa duhu duhu, saboda haka yanke ɓangaren duhu na jerin da `plt.cm.viridis(0.25 + 0.75 * awo(Z))`, ka gina sandar launin daga wannan yankakken jerin, kuma kada rubutun layuka ya gaza maki 9 a girman da hoton zai fito a shafi.